Shirun Kwana Uku

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yarmu Kumatu, wadda ta fito duniya da sunanta a fuska. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sassauta muku zaman nesa da gida, Ya sa aikin da ya kai ka can ya zame maka alheri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta duk da likita ya hana, ka dai san ta. Auta ta gama jarrabawa, tana zaune a gida tana cinye mini data. Rufin ɗakin baya da yake yoyo, Kawu ya kawo mai gyara an canja kwano biyu, yanzu ya daina yoyo a wurin da, ya koma yi ta gefen taga. Inna kuma har gobe tana tambayata hotunan Kumatu na ranar da aka haife ta, waɗanda suka ɓace maka a waya bara. Na ce mata sun tafi, ta ce ita ba ta taɓa ganin hoto da ƙafa ba.

Yaya, ranar Laraba da ka kira ni, minti goma sha ɗaya ka yi kana magana, na duba bayan ka kashe. A cikinsu sau biyu kacal na samu na ce amma, duka biyun kuwa ka take ta ka wuce. Shi ya sa na ɗauko biro. Zan ɗauki hoton shafukan in turo maka yau Alhamis, kuma abu ɗaya nake roƙo: ka karanta har ƙarshe kafin ka taɓa lambar Manaja. Na san sharaɗin da ya gindaya. Idan ka kira shi kafin Litinin ka ba shi haƙuri, ni kuma na sa hannu a takarda cewa zan bi tsarin ɗakin aikinmu, sannan na tsaya a gaban kowa na nemi afuwar abokin aikina Walƙiya, to zan koma kujerata. Idan ba a yi haka ba, shi ke nan, an sallame ni. Ban manta kai ka sauke girmanka ka roƙar mini aikin nan a wurin Manaja abokinka na makaranta ba, ni da ba ni da kwalin komai sai na takalmi. Ka ce in ajiye girman kai in je in koyi saurin amsa tambaya a wurin Walƙiya, tunda bakina ya fi hannuna sauri. To na koya, Yaya. Wata bakwai ina zaune kafaɗa da kafaɗa da shi. Bari in koya maka kai ma, kyauta.

Tunda ba ka taɓa shiga wurin ba, ga yadda yake. Ɗaki ne a hawa na biyu, a saman shagon masu sayar da taya, don haka tun daga matakala warin roba yake yi maka maraba. Taga ɗaya ce, fenti ya liƙe ta tun kafin a haife ni, sai fanka a kusurwa tana juya kai dama da hagu kamar ita ma ba ta yarda da abin da ake yi ba. Mu biyar ne, kowa da kwamfutarsa. Kamfanin yana sayar da waya, kuma a cikin kowace waya akwai wani dandali da mai ita zai shiga ya rubuta matsalarsa, mu kuma mu amsa. A bangon da ke kallon ƙofa akwai babban allo mai haske, da sunayenmu a jere, kowa da lambarsa a gaba. Tambaya in ta shigo ja ce. Da zarar an amsa sai ta koma rawaya. Idan mai tambaya ya kwana uku bai sake cewa uffan ba, sai ta zama koriya da kanta, a rubuta an warware. Ka riƙe wannan da kyau, don duk maganar a nan take: ba wanda yake tambayar mutum ko wayarsa ta gyaru. Shirunsa ake ƙirgawa. Wanda ya fi tara kore shi ne gwarzon wata, a manna hotonsa kusa da agogo. Wanda ya zo na ƙarshe wata biyu a jere, ya san hanyar matakala.

Shi Walƙiya, Manaja ne ya raɗa masa sunan, ya kuwa karɓa hannu bibbiyu har ya sa aka buga masa shi a jikin kofin shayinsa. Yana da digiri, kuma ba ya bari a yi awa guda ba a sani ba. Turarensa yana riga shi shigowa, ya kuma daɗe a ɗakin bayan shi ya fita. Ga darussansa, ban rage ba ban ƙara ba. Na farko, kada ka karanta tambaya, ka leƙa ta kawai. Kalma huɗu na farko sun isa, saura surutu ne. Na biyu, ka buɗe da kiran mutum abokin ciniki mai daraja, ka ce ka fahimci damuwarsa ƙwarai, alhali ko sunan matsalar ba ka gani ba. Sai kuma jarinsa: amsoshi shida ya tara a wani shafi, ya ba kowace lamba, aikinsa kawai ya kwafo ya manna. Mai kukan caji, a ce ya kashe ya kunna. Mai kukan sauti, shi ma ya kashe ya kunna. Wanda ya dawo ya ce ya yi ba ta yi ba, sai a ce ya turo lambar da ke ƙarƙashin batir, a wayar da ba a cire mata batir sai an kai ta wurin mai gyara. In ya nace, a jefa masa littafin bayani mai shafi tamanin, da Turancin da ko wanda ya rubuta shi bai koma ya karanta ba. Yawanci a nan mutum yake gajiya ya yi zuciya ya tafi, bayan kwana uku allo ya yi kore, Walƙiya ya tashi ya yi miƙa kamar wanda ya sauke buhuna daga mota.

Amma uwar amsoshin ita ce ta shida. Ita ce take ce wa mutum ya shiga wurin saiti ya mayar da wayar yadda ta fito daga kwali. An rubuta ta da ladabi, mataki-mataki, har da fatan alheri a ƙasa, sai dai babu layi ɗaya da ya gaya wa mutum cewa duk abin da ke cikin wayar zai tafi, hotuna da lambobi da saƙonni da komai. Da can akwai layin, Walƙiya da bakinsa ya gaya mini shi ya cire, wai yana jawo ƙarin tambayoyi. To ga inda wayon yake. Wayar da aka goge in ta farfaɗo, abu na farko da take nema shi ne imel da lambar sirri. Mutum nawa ne suka san nasu? Mai shago ne ya buɗe musu ranar da suka saya, ya rubuta a bayan rasit, rasit ɗin kuma tuni an ƙunshe wani abu da shi. Ba imel, ba shiga dandali. Ba shiga dandali, ba ƙorafi. Mutum yana can zaune a bakin gado da waya wayam a hannu kamar an yi masa sata, mu kuma a nan allo ya ce ya gamsu. Manaja yana kiranta amsa mai albarka, don a cewarsa duk inda ta sauka magana ta ƙare.

Ni kuma ka san yadda na koyi karatu. Ba aji ne ya koya mini ba, aji korata ya yi. Da tsofaffin littattafanka na fara, waɗanda ɓera ya ci wa gefe, sai jaridun da ake ƙunso kaya da su, sai 'yan takardun da ke cikin kwalin magani da na rediyo. Wanda ya koyi karatu a haka ba ya tsallake layi, don bai san wanne zai cece shi ba. Saboda haka tawa hanyar ba ta da ado. Ina karanta tambaya har ƙasa, don mutane sai a layin ƙarshe suke faɗin gaskiya. Bayan sun gama rantsuwa cewa haka kawai wayar ta mutu, sai su ce af, jiya ta ɗan faɗa a bokiti. In zan yi tambaya, ɗaya nake yi, wadda mutum zai iya amsawa yana tsaye a bakin titi, ba guda bakwai ba. Ina da littafi mai shuɗin bango da nake rubuta kowace cuta da maganin da ya yi mata aiki, shi ya sa abin da ya ci mini awa biyu a watan farko yanzu minti uku ne. Akwai tsohuwar waya a aljihun teburina, ba na ce wa kowa ya danna abin da ban danna da yatsana na ga inda ya kai ni ba. Ina rubutu da harshen da mutum ya zo da shi, mataki ɗaya a layi ɗaya. In wani abu zai salwanta, shi nake fara faɗa kafin komai. Washegari kuma ina komawa in ce yaya, ta yi? Wannan na ƙarshen shi ya kashe ni, domin duk wanda ya amsa mini, ko da godiya ce, ya katse shirun, kwana ukun ya koma farko. Ka ji fa. A ɗakin nan na gode ma laifi ce. Ni a wurina sauri shi ne mutum ya zo sau ɗaya ya tafi da waya mai aiki, amma allo bai san wannan ba, shi ya sa tun watan jiya ina can ƙasa, ɗauke da sauran huɗun a kaina.

Yanzu ga abin da ya jawo rigimar. Mako uku da suka wuce wata tambaya ta shigo da safe, ba aya ba waƙafi, kalmomi suna hawa kan juna kamar masu rububin shiga mota. Mai ita ta sa wa kanta suna Mai Ɗinki Ta Dawo. Ta ce da wayar maƙwabciyarta take rubutu. Ta ce kwana biyar da suka wuce ta tambaya a nan me za ta yi, wayarta tana cewa wuri ya cika, wani mai ladabi ya ce ta mayar da ita yadda ta fito daga kwali, ta bi shi layi-layi har da yi masa addu'a. Tela ce. Wata makaranta ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai tamanin da shida, ta yi kwana uku tana zuwa tana auna su ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta awon kowa a wayar, kafaɗa da ƙugu da tsawon wando. An yi hutu, ɗalibai sun watse, yadi yana jibge a shagonta, saura mako biyu a koma, awo kuwa ya tafi. Na nemo tsohuwar tambayarta. Layi huɗu ce, kuma a layi na uku ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai awon mutane a ciki, kada ya ɓace. Walƙiya ya amsa ta cikin daƙiƙa hamsin. Matsalar da maganinta bai wuce ta goge tarkacen bidiyon da ake turo mata a guruf-guruf ba. Tambayar tana nan koriya shar, an warware.

Na nuna wa Walƙiya. Ya leƙa ta saman gilashinsa ya ce ai ba ta ce wuri ya cika ba, to yanzu wuri ya samu. Ya yi dariya, na kusa da shi ma ya taya shi, don shi wannan ko tari Walƙiya ya yi sai ya ce madalla. Na ɗauki tambayar. Abu ɗaya na tambaye ta: ranar da ta sayi wayar, wane layi ne a ciki? Domin na san wurin rubutu na wayoyinmu yana ajiye kwafi a imel ba tare da mutum ya sani ba, in dai akwai data. In aka samu shiga imel ɗin, awon yana iya kasancewa a can. Lambar sirrin da ta manta kuma ana iya sabunta ta, amma sai an tura wasu lambobi shida zuwa layin da aka buɗe imel ɗin da shi. Ta ce wancan layin ta ba mahaifiyarta tun bara a wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, tsohuwar kuma tana can ƙarshen gari, ba ta karatu. Lambobin minti goma suke yi su mutu. Karo na farko tsohuwar ta ji ƙara ta zaci kira ne, ta kara a kunne ta yi ta sallama. Karo na biyu ta fita neman mai karanta mata, kafin ta samu sun mutu. Na uku wayar ba caji. Imel ɗin ya yi fushi ya kulle mu kwana biyu. A rana ta shida na ce mata ta rufe shago, ta ari wayar maƙwabciyar, ta hau mota ta je ta zauna kusa da uwarta da waya uku a cinya, ni kuma ina nan ina jira, ko abincin rana ban fita ci ba. Da ƙarfe biyu da 'yan mintoci ta rubuto cewa sun fito. Sittin da bakwai cikin tamanin da shida. Sauran sha taran na ranar ƙarshe ne, ranar da datarta ta ƙare, waɗannan sai ta bi su gida-gida. Hotunanta kuwa, da yake ajiyar hoto a kashe take a tata wayar, sun tafi har abada, ban kuma ɓoye mata ba.

Kana zaton an ce mini sannu? A kwana shidan nan sau uku Manaja yana tsayawa a bayana, hannu a aljihu, yana numfashi a ƙeyata. Abokinka ne, Yaya, ba zan zage shi ba, zan dai faɗi abin da na gani: mutum ne da in allo ya ce masa ana ruwa, zai buɗe lema a cikin ɗaki. Ya ce tambaya ɗaya ta cinye mini mako, alhali Walƙiya ya rufe ɗari da arba'in. Na ce ya dai rufe bakin mutum ɗari da arba'in. Ya ce sabuwar tambayar maimaici ce, maimaici kuma yana ɓata wa ɗaki suna a idon manya, don haka ya haɗe ta da tsohuwar, ta koma ƙarƙashin sunan wanda ya fara amsawa. A lokacin ko a jikina, awon nake bi. Amma abin ya tsaya mini a rai, sai na fara amfani da lokacin cin abinci ina bin tsofaffin korayen amsa ta shida ɗaya bayan ɗaya, ina duba ko masu su sun sake leƙowa dandalin ko da sau ɗaya. Na duba ɗari biyu da goma. Tara ne suka sake shigowa. Na rubuta sunayen sauran a bayan littafina, shafi biyar cur, na kai wa Manaja ranar Juma'a. Ya juya shafi ɗaya ya ce ai wannan hujja ce cewa sun gamsu, wanda ya warke me zai koma yi asibiti. Na ce wanda ya mutu ma ba ya komawa. Ya miƙo mini littafin da yatsu biyu kamar a kwata ya tsinto shi.

Ranar Litinin aka yi taron wata. Muka jeru a gaban allo kamar 'yan firamare, Manaja ya shigo da takarda a hannu yana murmushi. Ya ce a watan nan an samu abin da ba a saba samu ba, wata abokiyar ciniki ta rubuto doguwar godiya, har manya sun gani sun yaba. Ya karanta. Mai Ɗinki ce. Ta ce Allah Ya yi wa wanda ya taimake ta albarka, Ya saka wa iyayen da suka rene shi, ya yi haƙuri da ita kwana shida kamar ɗan ɗakinsu. Da yake an haɗe tambayoyin, sunan da ke sama na Walƙiya ne. Aka tafa. Wallahi, Yaya, da ya sunkuyar da kai da na yi shiru. Sai ya dafa ƙirji ya ce shi sirrin aikinsa sauraron mutane ne. A nan ne bakin nan da kuke kuka da shi tun ina ƙarami ya ƙwace. Na ce masa bai taɓa sauraron komai a duniya ba sai ƙarar takalminsa. Na ce digirinsa da hoton da ke kusa da agogo a haɗa su a mayar da su yadda suka fito daga kwali. Na ce wa na kusa da shi ya rage gyaɗa kai kada wuyan ya cire mu shiga uku da neman amsa ta bakwai. Na ce wa Manaja ɗakin nan ba wurin amsa tambaya ba ne, wurin kashe mai tambaya ne a lulluɓe shi da kore. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan sa a takardar da Anti za ta iya gani ba. Manaja ya ce in ɗauki jakata. Na ɗauka, da littafina, na bar musu tsohuwar wayar don tasu ce.

Na san abin da za ka ce, don ka riga ka faɗa ranar Laraba: aiki aiki ne, kowa da haka yake ci, kuma mutanen da ban sani ba ba su za su riƙe Inna ba. To, Yaya, ga abin da na so in gaya maka har sau biyu ka take ni. A cikin sunayen nan ɗari biyu da ɗaya, a shafi na huɗu, akwai wanda na sani. Tambayar ta bara ce, watanni kafin in fara aiki, lokacin da abokinka ya sa ka sayi wayar kamfaninsu. Mai tambayar ya sa wa kansa Baban Kumatu. Ya rubuta cewa wayarsa tana nauyi tana tsayawa, don Allah a taimaka, amma a lura, akwai hotunan 'yarsa da aka haifa kwana tara da suka wuce, bai tura wa kowa ba tukuna, yana jiran ya samu data mai yawa ya tura wa mahaifiyarsa duka. Ko ba sunan da na gane ka, kai kaɗai ne kake sa aya uku bayan sallama. Daƙiƙa arba'in da biyu, amsa ta shida. Ka tuna ka kira ni a lokacin, ka ce kai ka yi wauta ka danna abin da ba ka sani ba? Shekara guda kana ɗauke da laifin nan, Anti tana yi maka gori, Inna tana tambaya. Ba wautarka ba ce. Ka rubuta a layi na biyu, karantawa ce ba a yi ba. Kana nan a allonsu, kore shar. Kana cikin waɗanda suka gamsu, kuma da kai aka haɗa aka manna hoton Walƙiya kusa da agogo a wancan watan.

Saboda haka kada ka kira shi. Takardar da yake so in sa wa hannu ya nuna mini ita, kuma ka san halina, na karanta har ƙasa. Layi na biyu ya ce zan yi amfani da amsoshin da aka amince da su, ba ragi ba ƙari. In na sa hannu, ranar Litinin da hantsi baban wata yarinya zai rubuto, ni kuma in manna masa ta shida da yatsan nan nawa. Mai gyaran waya na bakin tasha ya ce in zo in zauna a gefen teburinsa, shi ya riƙa buɗe jikin waya, ni in riƙa fama da abin da ke cikinta. Ba albashi, ba fanka, rana kuma har tsakar ka, amma wanda na yi wa aiki zai tsaya a gabana ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ban gaya wa Inna ba tukuna, kullum da safe ina fita da jakata kamar yadda na saba. Na fi so ta ji daga bakina bayan ka karanta wannan, don Allah kada ka riga ni. Na san na rage maka ƙima a idon abokinka. A kan wannan kam ina neman afuwa, amma taka kai kaɗai, ba a gaban allo ba.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata ta sassauta maka gorin nan, an gano mai laifi. Ka ja mini kumatun Kumatu a hankali, ka ce babanta ƙarami yana nan, har yanzu bai yi hankali ba. Inna tana gaishe ku, ta ce a riƙa sa wa yarinyar hula. Kawu yana gaisuwa, Goggo ma haka, ta ce ka manta da ita. Auta ta ce in gaishe ka in kuma tuna maka alƙawarin takalmi, na ce mata ni ba ɗan aikenta ba ne, ga shi dai na faɗa.

In hannunka yana ƙaiƙayin kira kafin Litinin, ni za ka kira. Ba na yi maka alƙawarin komai, don hoto ba kamar rubutu ba ne, sai in mai shagon ya kunna ajiyarsa ranar da ya buɗe maka wancan imel ɗin, wasu suna yi wasu ba sa yi. Kada ka faɗa wa Inna kada mu sa mata rai. Amma ka zauna, ka nutsu, ka ba ni amsar tambaya ɗaya: ranar da ka sayi wayar, wane layi ne a ciki, kuma yanzu yana hannun wa? In kwana shida za ta ci mu, yanzu ina da su.

Allah Ya tsare ku, Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Mai bakin da ya fi hannu sauri